Zoɓo Mai Kauri: A Dafa Sau Ɗaya, a Yi Ta Sha

Duk wanda ya taɓa ajiye zoɓo a zafin Afrilu a Babura ya sani: ka dafa yau, gobe ya yi tsami, ga wuta ba tabbas. Ƙanwata mai sayar da shi lokacin tara a makarantarsu ta sha zubar da jarinta a kwata.

Abin da ya cece ta shi ne dafa shi da kauri. A tafasa zoɓo da citta da kanumfari a ruwa kaɗan, a tace. Kowane kofi 1 na ruwan a zuba masa kofi 2 na sukari, a mayar kan wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya riƙa kama cokali. In ya ƙone ɗaci zai yi.

Me ya hana shi saurin lalacewa? Ku tuna darasin Bayoloji: sukari mai yawa yana janye ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, sai su kasa hayayyafa. Sirrin zuma ke nan.

A ɗura a kwalbar da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa ta bushe. Cokali 3 ya ishi kofin ruwan randa. Tsamiya ma haka ake mata, ni ita na fi so. Amma da kun ga kumfa ko fumfuna a sama, ku zubar.