WASAN GINI CIKIN NA'URA: YADDA YARAN YERWA KE YI MASA ƘARI

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birnin Maiduguri ya san wasan nan da yara kan yi a bakin kogin Ngadda in ruwa ya janye. Yaro zai zauna ya miƙe ƙafa, ya tara jiƙaƙƙen rairayi a bisanta, ya daddaɓe shi da tafin hannu, sa'an nan ya zare ƙafar a hankali, sai ga ɗaki har da ƙofa. To, wannan sha'awar gini ba ta bar yaranmu ba, sai dai ta sake mazauni. Yanzu ta koma cikin wayar hannu da kwamfuta, a wani wasa da ake kira Minecraft, wanda iyaye da yawa ke jin sunansa a bakin 'ya'yansu ba tare da sun san ko mene ne ba.

Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson shi ne ya ƙago wasan, ya fara fito da shi cikin watan Mayu na shekarar 2009, aka kammala shi cikin Nuwamba, 2011. Da kasuwarsa ta buɗe, kamfanin Microsoft na Amurka ya saye shi tare da kamfanin Mojang da ke yin sa cikin 2014, a kan kuɗi dala miliyan 2,500. Ya zuwa watan Oktoba na 2023 an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Abin da ke ciki kuwa ba wani abu ba ne illa duniya guda da aka yi ta da bulo masu kusurwa huɗu, kowanne faɗin mita ɗaya ta ko'ina. Ƙasa bulo ce, dutse bulo ne, itace ma haka. Mai wasa ya haƙa, ya sare, ya tara, ya gina abin da ransa ke so, ba wanda zai ce masa ga inda za shi.

Abin da ya ja hankalina ga wannan al'amari shi ne wani ɗan ƙanena da ke unguwar Gwange. Masu karatu za su tuna da ambaliyar da ta auka wa Maiduguri ran 10 ga Satumba, 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya kuma raba dubban jama'a da gidajensu. Gidansu yaron na cikin waɗanda katangarsu ta zube. Bayan hankali ya ɗan kwanta sai ya ari kwamfutar wansa, ya duƙufa yana sake gina gidan nan cikin wasan, tun daga zaure har ɗakin kakarsu, har da rijiyar da ke tsakar gida. Da ya zo kan itacen darbejiyar da ke ƙofar gida sai ya tsaya cik, domin wasan ba shi da darbejiya, ba shi da kuka, ba shi da giginya. Waɗanda suka yi shi ba su taɓa shan inuwar titunan Yerwa ba. A nan ne na fara jin kalmar nan "mod" a bakinsa.

MENE NE MOD?

Mod wani ƙari ne da masu wasa da kansu ke rubutawa su liƙa wa wasan, kamar yadda maɗinki ke karɓar riga ya ƙara mata aljihu ko ya yi mata aiki a wuya. Wani mod ɗin ya kawo sababbin itatuwa da dabbobi, wani ya kawo injuna masu juyawa da ruwa ko iska, kamar wanda ake kira Create, wani kuwa, irin su Sodium, aikinsa kurum ya sauƙaƙa wa tsohuwar kwamfuta nauyin wasan don kada ta riƙa cijewa. Kada a ɗauka wannan wasan banza ne na yara. Dawakin da ke cikin wasan tun 2013, da taimakon mutumin da ya rubuta wani mod mai suna Mo' Creatures aka yi su, haka kuma wata na'urar tura bulo da aka sa cikin 2011, daga hannun wani mai yin mod aka samo ta. Wato dai almajiran ne suka koya wa malamin.

Wajibi ne a fara rarrabe abu biyu, domin a nan yawancin yara ke ruɗewa. Wasan iri biyu ne. Akwai na asali da ake kira Java, wanda kwamfuta kaɗai ke ɗauka, shi ne kuwa gidan mod na sosai. Akwai kuma Bedrock, wanda ke kan wayar hannu da akwatunan wasa. Shi Bedrock ƙananan ƙari yake karɓa, waɗanda sunan fayil ɗinsu ke ƙarewa da mcpack ko mcaddon. In an sauke su aka taɓa, wasan ya buɗe ya karɓe su da kansa, sai a kunna su a cikin duniyar da ake so. Ba a taɓa ganin mai sayar da mai ya zuba kananzir a tankin mota ya ce ta tashi ba, haka nan mod ɗin Java ba ya aiki a Bedrock na waya ko da an kwana ana gwadawa. Duk wanda ya ce da yaro ya kawo kuɗi a sa masa, cin kuɗinsa kawai zai yi.

A kan kwamfuta, aikin na bukatar natsuwa fiye da ƙwarewa. Da farko mutum ya san bugun wasan da ke hannunsa, domin Minecraft kamar littafi yake da ake sake bugawa, kowane bugu da lambarsa, misali 1.20.1. Sa'an nan ya sauko da abin da zan kira ɗan dako, wato manhajar da ke ɗaukar mod ta kai shi cikin wasan. Mafi daɗewa cikinsu shi ne Forge, wanda ya samo asali tun 2011. Daga baya Fabric ya biyo, kana NeoForge ya ɓalle daga Forge cikin 2023. In an girka ɗan dakon aka buɗe wasan sau ɗaya da shi, za a sami wata jaka mai suna mods a cikin babbar jakar wasan. Cikinta ake jefa fayilolin, waɗanda sunansu ke ƙarewa da jar, ba tare da an kwance su ba. Shi ke nan, sai a sake kunna wasa.

Sai dai fa akwai sharaɗi, kuma shi ne ke kayar da mutane. Lalle ne lambar wasan da ta ɗan dako da ta mod su zo daidai, su uku. Mod ɗin da aka yi domin Forge ba ya hawa Fabric. Wanda aka yi domin bugu na 1.19 ba safai ya yarda da na 1.20 ba. Daɗin daɗawa, wani mod ɗin ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an haɗa shi da wani, kamar yadda galibin na Fabric ke neman wani fayil mai suna Fabric API. In aka saɓa ɗaya daga cikin waɗannan, wasan zai mutu tun bai tashi ba, ya bar wata doguwar takarda ta Turanci mai bayyana dalili. Na lura yara kan rufe takardar nan da sauri cikin fushi, alhali kuwa sau da yawa sunan mod ɗin da ya jawo rigimar na nan rubuce a cikinta. Dabarar da ta fi ita ce a riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, maimakon a kwaso talatin a zuba gaba ɗaya.

INDA GIZO KE SAƘA

Ɗan ƙanen nan nawa ya sami mod mai itatuwa iri-iri da wani mai bulo masu launin jar ƙasa, ya yi kusan wata biyu yana aiki, gida ya yi kyau har uwarsa ta gane madafinta. Ran nan wani abokinsa ya ba shi shawara ya koma sabon bugu. Ya koma, ya buɗe duniyar tasa ba tare da mod ɗin ba. Ko da ya duba, duk bulon da mod ya kawo ya ɓace, katanga ta zama wagege, rufi na rataye a sarari, itacen ƙofar gida babu shi babu alamarsa. Wasan ba ya ajiye abin da bai sani ba. Da zarar an adana duniyar a haka, ta tafi ke nan. Yaron da ambaliya ta rushe wa gida sau ɗaya, sai ga shi ya rushe shi karo na biyu da hannunsa. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Da ya kwafi jakar da ake kira saves ya ajiye a gefe kafin ya taɓa komai, aikin da bai fi minti ɗaya ba, da duk wannan bai faru ba.

Wannan hasara ce ta zuciya. Akwai wadda ta fi ta, ta dukiya. Shi mod na Java manhaja ce cikakkiya, tana iya yin duk abin da mai kwamfutar zai iya yi a kanta, har da karanta abin da ya ɓoye. Cikin watan Yuni na 2023 aka gano wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka laƙaba wa suna Fractureiser, wadda ɓarayi suka cusa cikin wasu mod a dandalin CurseForge, ɗaya daga cikin manyan rumbunan da duniya ta amince da su, bayan sun sace mabuɗan wasu masu rubuta mod ɗin. Aikinta satar kalmomin sirri da ke ajiye cikin na'ura. Tun kafin nan, cikin 2017, kamfanin tsaro na ESET ya ba da sanarwar ya gano manhajoji 87 na ƙarya a kasuwar Google Play da ke kiran kansu mod na Minecraft, waɗanda aka sauke kusan sau miliyan ɗaya, ba abin da suke yi sai cika waya da talla da jan mutane zuwa shafunan damfara.

To, a duba halinmu a nan. A gidaje da yawa wayar da yaro ke wasa da ita ta uwarsa ce ko ta ubansa, kuma cikinta ne asusun banki yake, cikinta ake karɓar kuɗin ciniki. Galibi kuma ba sayen wasan ake yi ba, wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa ake karɓo kwafin da ba a san hannun da ya bi ba. Ni a ganina, uban da ya bar ɗansa ya sa irin wannan a wayar da yake ajiyar kuɗi, daidai yake da wanda ya ba baƙon da bai sani ba makwanci a ɗakin da akwatinsa yake. In za a sauke mod, a tsaya ga rumbunan da aka sani, wato CurseForge da Modrinth, waɗanda ko da an yi musu kutse sukan sanar su kuma share. A guji duk shafin da zai ce sai an ba da lambar waya, ko wanda zai miƙo fayil mai ƙarewa da exe a maimakon jar. A sani kuma ƙa'idar kamfanin Mojang ta hana sayar da mod na Java.

Wahalar wuta da tsadar data su ma suna da nasu hukunci. Mutanen Maiduguri ba za su manta da duhun da suka shiga tun daga Janairun 2021 ba, lokacin da 'yan ta'adda suka kayar da turakun layin da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu, har aka kai ga buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 cikin Maris, 2023. Wanda ya saba da lissafin caji ba zai so tarin mod ɗari biyu da zai shanye batir cikin sa'a guda ba. Abin daɗin shi ne, in an riga an sauke, ana iya wasa ba intanet, har yara biyu ko uku su haɗa na'urorinsu su yi gini tare a ɗaki ɗaya, muddin dai mod ɗin da ke wajen kowannensu iri ɗaya ne.

Kada mai karatu ya zaci ina kushe abin ne. Cikin 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta haɗa kai da Mojang suka kafa wani shiri mai suna Block by Block, suka fara da wani filin wasa a unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda mazauna wurin suka zana yadda suke son filin ya kasance a cikin wasan. Cikin 2014 hukumar safiyo ta Danmak ta zuba ƙasar tata ɗungum a ciki. Mu kuwa Barno ba baƙin bulo ba ne. Har yau ana ganin gasasshen jan bulo a kufan Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, da kuma na fadar Gambaru da ke kusa da shi. Abin mamaki, hanyar yin jan bulo a wasan ita ce ta kakanninmu: a haƙo yumɓu a gasa shi a wuta. Tun daga bugun watan Yuni na 2022 ma ana kwaɓa laka da alkama a fitar da tubali, kamar yadda maginanmu ke cuɗa ƙasa da ciyawa, a shekarar da ta biyo kuma aka kawo raƙumi. Malamin tarihin da ya sa ɗalibansa su tayar da ganuwar Ngazargamu, ko Kukawa ta Shehu Laminu da garuruwanta biyu na gabas da yamma, ko ƙofar fadar Shehu da hasumiyar agogonta da Dandal shimfiɗe a gabanta, zai ga sun tambaye shi abin da ba su taɓa tambaya ba a aji: tsawon katanga nawa ne, ƙofofi nawa ne, ina masallaci yake.

Abin da ya rage shi ne yaranmu su tashi daga masu saukewa su zama masu rubutawa. Sauya sunayen kayan wasan zuwa Hausa ko Kanuri bai ma kai wahalar mod ba, fayil ɗin kalmomi ne kawai ake fassarawa a liƙa. Rubuta mod sosai kuwa sai an koyi harshen kwamfuta na Java, irin wanda ɗaliban ilmin kwamfuta ke koyo a jami'o'i, kuma da shi ake cin abinci a kamfanoni.

Shi dai ɗan ƙanen nawa ya sake ɗora harsashi. Wannan karon da bulon asali na wasan yake gina katanga, ya bar mod ga itatuwa da kayan ado, kuma kowace Juma'a yakan kwafi jakarsa ya zuba a wani ɗan filashi da ya rataya a ƙusa. Darbejiyar ce har yanzu bai samu ba. Ya ce wansa ya yi masa alkawarin in an yi hutu za su zauna su zana ganyenta da kansu.