Tabbatar da Ingancin Na'urorin da Kwamfuta ke Sarrafawa ta Hanyar Hujjar Lissafi

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda masana ke tabbatar da cewa na'urar da kwamfuta ke juyawa, kamar jirgin ƙasa marar direba ko mutum-mutumi, ba za ta aikata abin da ba a nufe ta da shi ba. Mun ga ya dace mu fara da misali.

Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. Bincike ya nuna cewa an ɗauko manhajar auna tafiya daga Ariane 4, alhali sabuwar rokar ta fi waccan gudu. Sai wata lamba ta yi wa gurbin da aka tanadar mata yawa, domin gurbin ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Abin lura a nan shi ne, akwai kwamfuta ta biyu da aka ajiye saboda ko-ta-kwana, amma da yake manhaja ɗaya ce a cikinsu, cuta ɗaya ta kayar da su duka biyu.

Tun wajen 1970 Edsger Dijkstra ya yi nuni da cewa gwaji yana iya bayyana kuskure, amma ba ya iya shaidar cewa babu shi. Saboda haka aka nemi wata hanya, watau a rubuta abin da ake so na'ura ta yi cikin ƙa'idojin lissafi, sa'an nan a kafa hujja cewa manhajar ba ta saɓa musu a kowane hali. Tony Hoare ya aza harsashin wannan a 1969. A farkon shekarun 1980 kuma Clarke da Emerson a Amurka, da Queille da Sifakis a Faransa, suka fito da dabarar sa kwamfuta ta bi dukkan halayen da tsari zai iya shiga ɗaya bayan ɗaya. An ga amfanin irin wannan aiki a layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, wanda aka buɗe a 1998 ba direba, aka kuma gina manhajar tsaronsa bisa hanyar B ta Jean-Raymond Abrial.

To, amma wahalar tana wajen haɗuwar kwamfuta da duniyar zahiri. Kwamfuta mataki-mataki take aiki, shi kuwa jirgi gudunsa ba ya yankewa tsakanin umarni da umarni. Dole ke nan a gwama lissafi iri biyu. A 1995 Henzinger da abokan aikinsa suka nuna cewa babu wata dabara guda da za ta iya yanke hukunci a kan dukkan irin waɗannan tsare-tsare. Shi ya sa kayan aiki irin su KeYmaera na André Platzer sukan bukaci mutum ya taimaka wajen gina hujjar.

A ganinmu, inda aka fi yin sakaci shi ne mantawa da cewa hujjar tana kan siffar da aka rubuta ne kurum. Idan mun ɗauka cewa birki zai tsayar da jirgi cikin wani nisa, sai ruwan sama ya sa dogo ya yi santsi fiye da yadda muka ƙiyasta, hujjar tana nan daidai a takarda, jirgin kuwa ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Don haka wajibi ne duk mai gabatar da irin wannan hujja ya jera zace-zacen da ya gina ta a kansu, yadda injiniyan da zai yi aiki da na'urar zai iya auna su a fili.