Ɓarayin da Suka Juya Alamar Hanya

Jama'a, kowa ya san alamar hanya wadda a ke kafawa a mararraba. Baƙo ya karanta ta, ya san inda zai nufa. In wani mugu ya zo da dare ya juya ta, sai mai zuwa kasuwa ya faɗa daji.

To, intanet ma tana da masu nuna hanya. Kowane shafi yana da suna, yana kuma da lamba. Mutum suna ya ke rubutawa, amma kwamfuta lamba ta sani. Saboda haka sai ta tambayi wata babbar na'ura, ita kuwa ta gaya mata lambar. Wannan tsari shi a ke kira DNS.

A shekarar 2007 waɗansu mutane a ƙasar Istoniya, can Turai, suka shiga baza wata cutar kwamfuta mai suna DNSChanger. Cutar kwamfuta ba ƙwaya ba ce irin ta jikin mutum. Umurni ne wanda mugu ya rubuta, kwamfuta ta bi ba da sanin mai ita ba. Mutum ya zo kallon bidiyo, sai a ce masa ya sauke wata manhaja tukuna. Da ya sauke, cuta ta shiga. Nan da nan ta sake saitin kwamfutar, har ta bar tambayar na'urar gaskiya, ta koma tambayar ta ɓarayin.

Ina ribarsu? 'Yan kasuwa su kan biya kuɗi in an leƙa tallarsu a intanet. Sai ɓarayin suka riƙa karkata mutane zuwa wajen talla, suna karɓar lada. Ta haka suka tara dala miliyan 14. Cutar ta kama kwamfuta wajen miliyan 4 a ƙasashe fiye da 100. Banda wannan, ta kan hana maganin cutar kwamfuta sabuntawa, watau ta bar ƙofa a buɗe ga waɗansu ɓarayin.

Mutum ɗaya ba ya iya bin ɓarawon da ke wata ƙasa. Wannan aikin hukuma ne. Ma'aikatan binciken Amurka, waɗanda a ke kira FBI, suka haɗa kai da 'yan sandan Istoniya. A watan Nuwamba 2011 aka kama mutum 6. Shugabansu, Vladimir Tsastsin, an kai shi Amurka, a 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 7 da wata 3.

Amma kama ɓarayi bai ƙare magana ba. Da an kashe na'urorinsu nan take, da duk kwamfutocin nan sun rasa mai nuna musu hanya. Don haka kotu ta ba da izini aka kafa na'urorin gaskiya a madadinsu, aka yi ta shela kowa ya gyara tasa. Ran 9 ga Yuli 2012 aka kashe su. Waɗanda suka yi kunnen ƙashi, waɗansunsu intanet ta yanke musu.

Ga darasi nan. Hukuma ta kan kafa doka, kamar wadda Nijeriya ta yi a 2015 kan laifuffukan intanet. Ta kan kama mai laifi, ta kan yi gargaɗi. Amma sharar ɗaki ta mai ɗaki ce. Kada ku sauke manhajar da ba ku san asalinta ba, ko a waya ko a kwamfuta. In kun nemi wani shafi wani dabam ya fito, ku kai na'urar ga wanda ya san aikinta. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin DNS?
2. Ta wace hanya cutar ta shiga kwamfutoci?
3. Don me ba a kashe na'urorin ɓarayin nan take ba?