Ƙwaƙwalwar Mota da Wayoyinta: Nazari daga Motocin Hayar Kunci

Har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya gabata, motar da aka fi sani a hanyoyin karkarar arewacin Kano ita ce Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna, kuma kafireta ce ke gauraya mata fetur da iska. Motocin da ke jigilar mutane da buhunan gero tsakanin Kunci, Bichi da Kano a yau, irin su Golf da Sharan 'yan Kwatano, wani ƙaramin akwatin lantarki ne ke yi musu wannan aiki. Makanikai sun raɗa masa suna ƙwaƙwalwar mota. Sunan ya dace, sai dai yana ɓoye wani abu: ƙwaƙwalwa ba ta san komai ba sai abin da jijiyoyi suka kawo mata.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara haɗa sarrafa fetur da sarrafa wutar fulogi a akwati ɗaya a 1979, cikin tsarin da ya kira Motronic. Masu ƙera akwatin suna zuba masa jadawalin lissafi, ta yadda kowane gudun inji da kowane nauyin aiki yana da adadin fetur da lokacin tartsatsin da ya dace da shi. Manufar ita ce a tsaya kusa da awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur. Kafin ta yanke hukunci, ƙwaƙwalwar tana sauraron sensoci: ta kiranshaf mai ƙirga juyin inji, ta totur, ta zafin ruwa, da ta salansa mai auna iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Sannan ta buɗe injekta na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

A nan ne aikin ɗan rewaya yake da nauyi. Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, amma yawancin sensoci da bolt 5 suke aiki, ta salansa kuwa saƙonta bai cika kai bolt 1 ba. Saƙo mai rauni haka, tsatsa kaɗan a bakin soket ko wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ta isa ta jirkita shi. Ƙurar hunturu, ruwan da ake watsa wa inji wajen wanki, da ɓerayen da ke bin motar da ta kwana kusa da rumbu duk suna taɓa wayoyin kafin su taɓa akwatin. Duk da haka, idan mota ta fara shaƙewa, akwatin ake fara zargi, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani, alhali wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin mota ce ta saki.

Misali mafi tsada shi ne cire tamostat, al'adar da ta yaɗu bisa hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Idan aka cire shi, aka kuma haɗa fankar lagireto kai-tsaye, injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, wanda ke wajen digiri 90. Sensa ta faɗi gaskiya cewa injin da sanyi, ƙwaƙwalwa kuma ta ci gaba da ƙara fetur kamar yanzu aka tayar da motar da asuba. Tun bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, wannan ɓarna tana komawa kan kuɗin motar da manomi ke biya.

Tun 1996 Amurka ta wajabta soket mai ramuka 16 da ake jona na'urar bincike a kai, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Na'urar takan nuna layin da ya sami matsala ne kawai. Rarrabe tsakanin sensar da ta mutu da wayar da ta tsinke sai da mita a hannun ɗan rewaya.