'Yan Tawayen Zariya: Ɗaliban da Suka Sauya Akalar Zane a Nijeriya

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau Samarun Zariya muka nufa, inda a shekarar 1958 wasu ɗalibai 'yan ƙalilan suka kafa ƙungiyar da ta sauya yadda ake zane a Nijeriya. Amma kafin mu isa can, sai mun ɗan ratsa ta birnin Paris na ƙasar Faransa.

A farkon ƙarni na 20, matasan masu zane na Turai sun gaji da tsohuwar koyarwa, wadda ke cewa gwani shi ne wanda ya kwaikwayi abin da ido ya gani tsaf. Kyamara ta riga ta karɓe wannan aiki. Suna cikin neman mafita sai suka ci karo da sassaƙe-sassaƙen Afirka, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka kwaso suka jibge a gidajen tarihi da shagunan 'yan gwanjo. A 1907 Pablo Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro ya ga fuskokin dodanni na katako. A wannan shekara ya kammala wani babban zane na mata biyar, biyu daga cikinsu da fuskoki irin na dodannin nan. Daga nan shi da abokinsa Georges Braque suka ɓullo da salon Kubizim, mai farfasa siffar abu a nuna ta daga kusurwoyi da dama a lokaci guda. Henri Matisse da André Derain su ma sun tara irin waɗannan kayayyaki. Sunayen masassaƙan da suka yi su kuwa, babu wanda ya damu ya tambaya.

(GAJEREN KIƊA)

To, masu sauraro, ga inda abin mamakin yake. Bayan shekara 50, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da ke Zariya, wadda sashen zanenta ya taso daga Ibadan a 1955, malamai Turawa na koyar da 'yan Afirka da manhajar makarantun Ingila: awon gaɓoɓin jikin mutum, nisa da kusa, haske da inuwa. Fasahar Afirka da ta girgiza Paris ba ta da wani gurbi na a-zo-a-gani a cikin ajin.

Ɗaliban da abin ya dama su ne suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe. Daga baya aka laƙaba musu suna 'Yan Tawayen Zariya, ko da yake ba su ƙaurace wa aji ba, ba su kuma kori malami ba. Da rana su yi aikin da aka ba su, bayan darasi su haɗu su yi muhawara. In hutu ya zo, kowa ya koma garinsu ya tattaro tatsuniyoyi da zane-zanen gargajiya na mutanensa.

A 1960, shekarar samun 'yancin kai, Uche Okeke ya rubuta manufar ƙungiyar. Abin da ta ƙunsa shi ne, mai zane ɗan Nijeriya kada ya zama ɗan amshin shatar Turawa, kada kuma ya tsaya maimaita abin da kakanninsa suka yi. Ya karɓi fenti da burushi da dabarun da makaranta ta koya masa, ya haɗa su da abin da ya gada, har su saje ba tare da tilas ba. Ku tuna lokacin ne da 'yan siyasa ke shirin karɓar mulki, marubuta irin su Chinua Achebe ke ba da labarin ƙasar da bakin 'ya'yanta. Ɗaliban Zariya sun ga cewa 'yancin da bai kai ga ido da hannu ba, da sauransa.

Kowannensu ya bi tasa hanyar. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, sana'ar da mahaifiyarsa ta iya. Layukan uli masu lanƙwasa suka zama tambarinsa, kuma bayan yaƙin basasa ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Nsukka, inda ɗalibai da yawa suka ɗauki salon. Bruce Onobrakpeya ya rungumi tatsuniyoyin Urhobo, ya ƙware wajen ƙwaƙule zane a faranti a buga shi kan takarda. Yusuf Grillo ya shahara da shuɗin launi da zanen matan Yarbawa da makaɗan Legas, ya daɗe yana shugabantar sashen zane a kwalejin Yaba. Demas Nwoko kuma ya karkata ga gini da kayan gida, ya tsara cocin 'yan ɗariƙar Dominikan a Ibadan. A 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban bajekolin gine-gine na Venice a Italiya, saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa.

(GAJEREN KIƊA)

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. A 1961 ta watse, ɗaliban suka kama gabansu, kuma a 1962 kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai a shekarar da ƙungiyar ta watse ɗin aka buɗe zauren Mbari a Ibadan, mahaɗar marubuta da masu zane irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo, kuma Okeke da Nwoko na cikin 'yan gaba-gaba.

A Mbari ɗin nan aka baje kolin ayyukan wani ɗan Sudan, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman. Ya yi karatu a Landan, ya dawo gida ya tarar mutanensa ba su damu da zanen da ya koyo ba. Da yake ɗan malamin allo ne, sai ya koma ga harafin Larabci, yana jan wutsiyarsa yana buɗe cikinsa har siffofi su fito. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ishag su ne jigogin abin da ake kira Makarantar Khartum. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar karatu zai gane tushen wannan aiki.

Wani abin lura shi ne, galibin 'yan ƙungiyar Zariya 'yan kudu ne, don haka al'adun garuruwansu suka fi tonowa. Alhali a cikin ganuwar birnin da suka zauna kusa da shi akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, akwai dagi a fuskar soraye, akwai aska takwas a ƙirjin riguna. Manufar 1960 ta shafi waɗannan kamar yadda ta shafi uli. Ɗalibin zane na yau a Zariya ko Kano ko Damagaram yana da malamai iri biyu: na cikin aji, da magina da maɗinka da marubutan zayyana na unguwarsu. Kuma ya kamata in ya ɗauki wani abu daga hannunsu, ya rubuta sunansu.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)