Shinge a Idon Kyamara: Darasi daga Tashar Motar Adjamé

Babbar tashar motar Adjamé da ke arewacin tsakiyar birnin Abidjan na ƙasar Kwaddebuwa ita ce mahaɗar matafiya masu nufar Bouaké da Korhogo da ƙasashen maƙwabta, kuma a kewayenta ne ƙananan bas-bas da ake kira gbaka da tasin haɗaka da ake kira woro-woro suke lodi tun asuba. Mai ɗaukar hoto da ya shiga wannan cunkoso yakan karkata ga fuskoki da tulin kaya, alhali abin da ke tsara wurin baki ɗaya yana tsaye a gefe, wato katangun kamfanonin sufuri, da shingayen ƙarfe, da kwanon rufi da aka jera domin raba harabar wannan da ta wancan. Hoton shimfiɗar wuri, wanda ake nufi da hoton da ke nuna fili ko gari a faɗinsa maimakon mutum guda, yana samun ƙarfi daga irin waɗannan shingaye, domin kowane shinge shawara ce da mutane suka yanke a kan ƙasa game da wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje.

Abu na farko da shinge ke bai wa hoto shi ne layi mai jan ido, wato miƙaƙƙen abu da ke ɗaukar kallon mutum daga bakin hoton zuwa can cikinsa. Idan aka tsaya daf da shinge aka ɗauke shi a karkace, sandunansa kan yi ta ƙanƙancewa suna matsowa kusa da juna, sai takarda mai faɗi da tsawo kawai ta zama kamar tana da zurfi. Idan kuwa aka fuskance shi kai tsaye, sai ya tare hanya ya tilasta wa ido leƙawa ta tsakanin sanduna. Ta wannan hanya ta biyu ce Paul Strand ya ɗauki hoton wani farin shingen katako a Port Kent da ke jihar New York ta Amurka a 1916, hoton da har yau ake koyar da shi saboda yadda fararen katakan suka mamaye gaba, gidajen baya kuma suka dushe.

Maimaici shi ne abu na biyu, kuma yana aiki ne kamar kiɗan kalangu, inda bugun da ya saɓa wa sauran shi ne ke farkar da kunne. Sanduna ashirin masu kama ɗaya kan kwantar da ido, amma wadda ta lanƙwashe, ko gurbin da masu yanke hanya suka buɗe, ko ƙyallen da mai talla ta ɗaura domin inuwa, shi ne ke riƙe mai kallo, domin yana nuna yadda jama'a suka yi ciniki da iyakar da aka shata musu. A Adjamé wannan ciniki a bayyane yake, tun da masu sayar da takalma da caja da lemo sun mai da katanga kanti, masu manna sanarwa kuma sun mai da ita allo.

Haske ma yana da nasa hukunci, domin Abidjan tana kusan digiri 5 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana kan tsaya a tsakiyar ka da azahar, inuwar shinge ta taƙure a gindinsa, tsatsa da fenti kuma su baje babu armashi. Da hantsi ko bayan la'asar hasken kan zo daga gefe, inuwa ta miƙe a ƙasa ta zama shinge na biyu, kowace ɓaraka a jikin siminti ta fito. Hazon hunturu na watannin Disamba da Janairu yana dusar da abin da ke nesa ya bar na kusa a fili, yayin da ruwan Yuni ke barin kududdufai masu nuna surar sanduna a kife.

Sai dai duk waɗannan dabaru ba sa wadatarwa idan hoton bai nuna abin da shingen ya raba ba. Misali mafi bayyana yana yamma da Adjamé, inda dajin Banco, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1953 kuma ya haura hekta 3,000, ya samu doguwar katangar siminti a 'yan shekarun nan domin kare shi daga sarar itace da zubar da shara da cin iyaka. Hoton da ya ɗauki katangar kaɗai siminti ne kawai, amma wanda ya haɗa dogayen itatuwa a gefe guda da rufin kwano da motoci a ɗaya gefen ya faɗi tarihin birnin da ke faɗaɗa. Haka abin yake a Treichville, ƙetaren tafkin Ébrié, inda shingen tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1951 ya raba tulin kwantena da unguwannin da leburori da fatake, har da Hausawa, suka daɗe da zama.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan karatu, domin ya san bambancin dangar kara da zana da shingen ƙaya da ganuwar birni, ya kuma san cewa kowannensu yana faɗin arzikin mai shi da abin da yake tsoro. Wannan sani ya kamata matasa masu ɗaukar hoto da waya su kai tasha, tare da ladabin neman izinin mai rumfa da kauce wa wuraren jami'an tsaro. Rushe-rushen da aka yi a sassan Abidjan a 2024, har da Adjamé, sun nuna cewa iyakokin gari suna sauyawa da sauri, saboda haka hoton shinge da aka ɗauka da kyau, aka rubuta wurinsa da ranarsa, shaida ce da masu nazarin tarihin birnin za su buƙata.