Kifin Da Ake Sayarwa Ba A Rabu Da Shi Ba

Kowane manomi ya san yadda ciniki yake. In mutum ya kai ragonsa kasuwa aka saya, ya rabu da shi ke nan, kuɗi a aljihunsa, rago a hannun mai saye. To, a ƙasar Tailan, can gabas da Indiya, akwai waɗansu masu tafki da ba haka suke yi ba. Sukan haƙa tafki, su zuba manya-manyan kifaye, waɗansu na ƙasarsu, waɗansu na ƙetare, su yi ta ciyar da su shekara da shekaru. Sa'an nan mutane su zo daga Ingila da Jamus da Japan da Ostareliya su biya kuɗin yini, su kama kifin da fatsa, a auna shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. Gobe wani ya zo ya biya ya sake kama shi. Kifi yana nan, kuɗi yana shigowa.

Da yake yanzu masu kiwon tarwaɗa sun yawaita a ƙasar nan, kuma hotunan waɗannan ƙattin kifaye suna yawo a wayoyin mutane, ya kamata a san asalin abin, da ribarsa, da kuma ɓarnar da ke biye da shi.

Irin kifayen

Na farko shi ne wanda mutanen Tailan ke kira fila-buk, watau babban kifin kogin Mekong. Dangin tarwaɗa ne, ba shi da ɓawo a jiki. Abin mamaki, in ya girma ba shi da haƙori, gansakuka da ciyawar ruwa yake ci. A shekarar 2005 masunta sun kama wata mace a Ciyang Kong, arewacin Tailan, nauyinta kilo 293, kusan buhu uku na masara. Don a gane girman abin, a wannan shekara kifin da ya ci gasar su ta Argungu kilo 75 ne, kuma sai da mutum huɗu suka taru kafin a ɗora shi kan ma'auni. Yawan kamu da madatsun ruwa sun kusa ƙarar da wannan kifi a kogi. Amma tun 1983 ma'aikatan kifi na gwamnatin Tailan suka gano yadda za a sa shi ya hayayyafa a hannu, saboda haka waɗanda ke cikin tafkunan haya 'ya'yan gona ne.

Na biyu wani kifi ne mai manyan ɓawo da ƙaton kai, shi ma na kogunan wannan yanki, Turawa suna kiransa kaf na Siyam. A 2019 wani Bature ɗan Ingila ya kama mai kilo 105 a wani tafkin haya na lardin Racaburi, bayan ya yi fama da shi minti 80.

Na uku baƙo ne daga kogin Amazon na Amurka ta Kudu, sunansa arafaima, mutanen Barazil kuwa firaruku suke ce masa. Yakan kai tsawon mita 3, nauyi kilo 200. Ɗan'uwan bargi ne na gulaben ƙasar nan, kuma kamar bargi yana shaƙar iska daga sama. Kowane minti 10 zuwa 20 sai ya taso ya buɗe baki ya haɗiyi iska, in an hana shi tasowa sai ya mutu cikin ruwa kamar yadda akuya za ta mutu. Yana girma da sauri ƙwarai, in yana samun abinci yakan kai kilo 10 cikin shekara guda. Abincinsa kuwa kifi ne.

Akwai kuma wani mai dogon baki cike da haƙora kamar na kada, daga kudancin Amurka ta wajen kogin Misisifi, da wani dangin tarwaɗa mai jan wutsiya daga Amazon wanda kan wuce kilo 50.

Yadda ake kamun

Ba a shiga da taru ko koma. Sanda ce mai ƙarfi da ƙugiya ɗaya, da zare mai kauri naɗe a kan ɗan keke da ake juyawa da hannu. Ga masu cin ciyawa, akan kwaɓa dusar shinkafa da garin burodi, wani lokaci da ruwan kwakwa, a dunƙule a jikin wata waya da aka murɗe, ya yi kamar curin fura babba. Ƙugiyar tana rataye a ƙasa kaɗan. In curin ya fara narkewa a ruwa, kifi ya zo yana zuƙa, sai ya zuƙe har da ƙugiya. Ga masu cin nama kuwa, gutsuren kifi ko na kaza ake laƙawa.

A tafkunan da ake kula da su sosai, ƙugiyar ba ta da ƙayar nan da ke hana ta fita, don a zare ta ba tare da an yaga bakin kifi ba. In kifi ya gaji ya iso gaɓa, ba a jawo shi tudu. Ma'aikatan tafki ne ke shiga ruwa su tallafe shi, mai kamu shi ma ya shiga har ƙirji a ɗauki hoto. Sa'an nan a shafa magani a inda ƙugiya ta huda, a riƙe shi har ya dawo hayyacinsa. Arafaima ya fi kowanne wuya, gama in ya gaji aka sake shi bai shaƙi iska ba, sai ya nutse ya mutu. Kansa kuma ƙashi ne mai tauri, in ya kaɗa shi ya sami mutum a ƙirji ko a fuska yakan ji masa ciwo mai tsanani.

Ɗawainiyar mai tafki

Wanda ya ga hoto kaɗai zai ce ai kuɗi ne a zube. Ba haka ba ne. Mai tafki yakan yi shekaru yana ciyarwa kafin kifi ya kai girman da wani zai biya kuɗin jirgi don ya zo kama shi. In kuwa babba zai saya, kuɗinsa mai yawa ne, ga wuyar ɗauko shi da rai. Masu cin nama sun fi tsada wajen kiwo, domin sai sun ci kifi mai yawa kafin su ƙara kilo ɗaya.

Babban abin tsoro shi ne iskar cikin ruwa. Da rana gansakuka tana ba ruwa iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. Saboda haka da asuba ne iska ta fi ƙaranci, musamman bayan an yi kwanaki ana hadari ba rana, ko an zuba abinci ya yi yawa ya ruɓe a ƙasa. Babban kifi kuwa shi ke fara galabaita. Don haka sukan kafa injuna masu kaɗa ruwa su kwana suna aiki, da injin wuta na ajiya ko da wuta ta ɗauke. Wahalar shekara goma tana iya tafiya a dare ɗaya. Duk mai kiwon kifi da ya taɓa fita da sassafe ya tarar da kifayensa sun taso suna buɗe baki a saman ruwa ya san wannan magana.

Bayan haka, kuɗin ba daga kifi kaɗai yake fitowa ba. Akwai masauki, da abinci, da hayar sanda, da ladan ma'aikacin da ke tsaye da baƙo. Watau sana'ar ta dogara ga baƙi masu zuwa yawon shaƙatawa, Tailan kuwa ƙasa ce da miliyoyinsu ke zuwa kowace shekara. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe ƙasar, baƙi suka ɗauke ƙafa, kifaye kuwa ba su daina ci ba.

Inda ɓarna take

Tafki na mai shi ne, amma ruwa ba ya sanin iyakar gona. In ambaliya ta zo ta haye ganuwa, abin da ke cikin tafki ya zama na gulbi, kuma ba mai iya kiransa ya komo.

A wajen shekarun 1970 ambaliya ta fasa wani wurin kiwon arafaima a kudancin ƙasar Feru, kifin ya bi ruwa ya shiga kogunan arewacin Bolibiya inda da babu shi. Yau ya cika su. Waɗansu masunta suna samun kuɗi da namansa, amma suna kukan cewa kifayen da suka gada sun ragu. A 2018 ambaliya ta ci ƙasar Kerala ta Indiya, bayanta masunta suka riƙa kama arafaima da mai bakin kada a koguna, waɗanda suka tsere daga wuraren kiwo. A 2022, a garin Ruzhou na ƙasar Sin, sai da hukuma ta zuƙe ruwan wani tafkin shaƙatawa ƙaf don neman mai bakin kada, daga ƙarshe guda biyu aka samu.

Ita kanta Tailan ta ɗanɗana, kuma abin ya zo mata daga wannan yanki. Wata ƙaramar karfasa mai baƙin haɓa, 'yar gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ta shiga magudanan ruwanta. Manoman lardin Samut Songkram suka fara kuka tana cinye musu 'ya'yan kifi da na jatan lande. Kafin 2024 ta bazu larduna da dama, har gwamnati ta riƙa saye a kan bat 15 kowane kilo don dai a rage ta.

Giwan ruwa ma, wanda nan gida abin alfahari ne, ya yi irin wannan a wani wuri. A shekarun 1950 aka zuba shi a tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Ya yi shiru shekaru, sa'an nan a shekarun 1980 ya yawaita, ƙananan kifaye kusan iri 200 suka ɓace. A Neja da Binuwai da tafkin Cadi, sauran kifaye sun saba zama da shi tun fil azal. A Biktoriya ba su san shi ba.

Abin da manomi zai riƙe

To, manoma da 'yan kasuwa, ga abin lura. Kada kowa ya karɓi 'ya'yan kifin da bai san irinsu ba, kome arha, kome daɗin bakin dillali. Shigo da kifi mai rai daga waje sai da izinin hukumar kula da kifi, arafaima da kifin Mekong kuwa suna cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu. Wanda ya sayi ɗan kifin ado ya fi ƙarfin kwalbarsa, ya yanka shi ko ya mayar wa mai sayarwa, kada ya jefa shi rafi ko madatsar gari da sunan tausayi.

Mai haƙa tafki a fadama ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi cika, ya ɗaga ganuwarsa sama da nan. Ya sa wayar raga mai ƙananan idanu a mashiga da mafita, ya duba ta kowace safiya da damina.

Wanda kuma yake sha'awar gwada tafkin haya kusa da babban gari, ba sai ya nemi baƙon kifi ba. Giwan ruwa yakan wuce kilo 100, ga ramboshi, ga yauni, ga bargi, duk 'yan gida ne, in sun tsere gida suka koma. Sai dai ya fara da kaɗan, ya tabbatar akwai masu biya tukuna, ya kuma tuna giwan ruwa ba ya jure ruwa marar iska kamar tarwaɗa.

Mutanen Mamirawa a Barazil sun nuna wata hanya. Tun 1999 masuntansu ke ƙirga firaruku ta wurin tasowarsa shan iska, ba a kama wanda bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma ba a ɗiban fiye da kashi 30 cikin 100 na manyan. Kifin da ya kusa ƙarewa ya komo da yawa. A Argungu ma, hana su a Matan Fada har ranar biki shi ne ke ba kifi damar girma. Gari mai gulbi ko tafki, in Sarkin Ruwa da masunta suka yarda a kan watannin hutu da girman idon taru, za su ga manyan kifaye ba tare da an sayo ko ɗaya daga ƙetare ba.